Jiran Izinin Wakili

Tsibiri muke ce wa unguwarmu, alhali ko kududdufi babu a kusa da ita. Dutse ne a bayan Utaibiyya a garin Makka, gidajen bulo maƙale a jikinsa, wani a kan wani. Shekarar da aka rushe unguwannin da ke gindin dutsen sai aka bar mu mu kaɗai a sama, duk inda ka waiga ɓaraguzai ne. Aka zagaye filin da katangar kwano, aka bar ƙofa ɗaya tak. Daga ƙofar nan matakalar siminti ce har sama, mota ba ta hawa. Wani sarkin tsokana ya ce ai mun zama tsibiri, shi ke nan suna ya bi mu.

Mu na sama kusan dukanmu ba mu da igama, wato takardar izinin zama. Wasu Umara suka zo suka ƙi komawa, wasu a nan aka haife su amma babu takardar da ta san da zamansu. Ni da ƙanina tare muka zo. Ni wanke-wanke da shara nake yi a masaukan alhazai, shi kuma yana tura keken gajiyayyu a Harami a sace, yau a kore shi gobe ya koma. Mu biyu kaɗai uwarmu ta bari, kuma ni na goya shi.

Dutsen na wani Balarabe ne da ban taɓa ganin ko inuwarsa ba. Shi ya ɗora mana Wakili. Wakilin nan jininmu ne, an ce kakansa da ƙafa ya zo daga ƙasar Katsina, amma shi ɗan ƙasa ne mai takarda, gidansa da shagonsa suna Aziziyya. Bai taɓa kwana a cikinmu ba, bai taɓa shan ruwan tankinmu ba. Duk Alhamis bayan La'asar zai zo ya tsaya a bakin ƙofa da farar jallabiyarsa, Mai'unguwa ya sauko da sauri ya same shi, su yi ƙus-ƙus, ya shiga motarsa ya tafi.

Ga yadda aka raba mulkin. Abin da ke cikin katanga namu ne: faɗan maƙwabta, rabon ruwa, wanda ya saci tukunyar gas, wanda ya zagi uwar wani. Dattawa bakwai ne suke zama a kan irin wannan a barandar masallaci, su ne kuma suke fitar da Mai'unguwa daga cikinsu. Amma bai zama Mai'unguwa ba sai Wakili ya ce ya yarda, ya miƙa masa makullin ƙofa da na tanki. Abin da ya shafi waje kuwa ba mu da ta cewa. 'Yan sanda, wutar lantarki, wayit, wato motar da ke kawo mana ruwa, duk na Wakili ne. Marar lafiyar da ya kasa tafiya da ƙafarsa ba a fita da shi sai da izininsa. Shi zai zo da mota ya kai shi wurin wani likita da ba ya tambayar takarda. Babbar doka kuwa, kada wanda ya kuskura ya kira lambar hukuma. Motar asibiti in ta zo 'yan sanda na biye da ita, in kuwa suka hau matakalar nan, duk Tsibiri zai kwana a gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu.

Kada ku ji ina zagin tsarin nan yanzu ku ɗauka da ma can haka nake. Wallahi har kuri nake yi da shi. In na haɗu da matan wasu unguwanni da ake kai wa samame kowane wata, sai in ce musu, "Mu ai muna da Wakili." Ina faɗa ina wani ɗaga hanci, sokuwa kawai.

Daga watan Rajab na shekarar da nake ba ku labari abubuwa suka fara canzawa. Wakili ya daina zuwa ƙofa. Mai'unguwa ya ce mana ya samu kwangilar abincin alhazai a Arfa, aiki ya sha masa kai, amma kullum suna magana ta waya. Wayit da ke zuwa sau uku a mako ya koma sau ɗaya. Aka sa wa famfon tanki ƙaton kwaɗo, aka ce kowane gida jarka uku a rana, umarnin Wakili ne. Muka ce to.

Ana cikin haka, a ƙarshen Zulƙida, matar ƙanina ta haihu, haihuwar fari, namiji. Ba ta da uwa a nan, ba ta da gwaggo, wankan jego a wuyana ya faɗo. Wanda bai san jego ba sai ya ce ai wanka ne kawai. Ruwa ne za a tafasa a babbar tukunya safe da yamma, a tsoma ganyen darbejiya da masu aiki a Arfa suke tsinko mana, a riƙa fyaɗa wa mai jego har jikinta ya gasu, kwana arba'in ba fashi. Ga wankin tsumman jariri, ga kunun kanwa, ga girki, ga alwala. Da jarka uku! Wata ma ta ce mini a zafin Makka wa yake wani wankan jego, na ce mata uwarta ce ba a yi wa ba, shi ya sa ta fito haka. Ni dai ba a hannuna za a ce 'yar mutane ta yi ɗanyen jego ta kumbura ba.

Na je wurin Mai'unguwa na durƙusa. Uba muka ɗauke shi, shi ya karɓa wa ƙanina aure. Na ce, "Baba, a ƙara mana jarka biyu, mai jego gare mu."

Ya ce, "Sai na ji daga Wakili."

Bayan kwana biyu ya ce Wakili ya ce a yi haƙuri.

Ana gobe suna, da sassafe na ɗora tukunya, ruwan ko rabi bai kai ba. Ƙanina na zaune yana ɗaura takalmi zai tafi Harami. Mutum ne shiru-shiru, ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba. A kansa na sauke haushina.

Na ce, "Kai yanzu tafiya za ka yi ka bar matarka da wannan ɗan ruwan? Ko wankin kofi bai isa ba."

Ya ce, "Yaya, ya zan yi? Doka ce."

"Doka! Ka iya aure, ka iya haihuwa, amma ruwa ya gagare ka? Ga tanki can, kwaɗo ɗaya ne ya tsorata ka? Tir! Da ni ce namiji a gidan nan da tuni an gama wanka."

Ya miƙe. Ya ɗauki guduma da jarka biyu ya fita. Na ji ƙarar dukan ƙarfe sau uku. Ya dawo da ruwa, ya koma ya sake kawowa. Ranar na yi wa mai jego wanka na gani na faɗa, har ina waƙa. Allah ya yafe mini.

Da hantsi 'yan ƙofa suka zo. Su huɗu ne, ƙarti, Mai'unguwa ne ya zaɓe su suna gadin ƙofa, su ne kuma masu zartar da hukuncin dattawa. Suka tasa shi gaba zuwa barandar masallaci, ina biye ina masifa. Shari'ar ba ta kai tafasar shayi ba. Ya amsa cewa shi ya fasa kwaɗo. Na ce ni na sa shi, aka ce mace ta yi shiru. Dattawa suka haɗa kai, Mai'unguwa ya ce bulala ashirin, don kada gobe kowa ya ɗauko gudumarsa.

Bulalarmu ba dorina ba ce, tiyon ruwa ne aka yanka kamu biyu, baƙi mai kauri. Suka tuɓe masa riga, biyu suka riƙe hannuwansa a jikin ginshiƙi. Ta farko ta sauka, fatar ta tashi nan take. Bai yi kuka ba, sai wani gurnani da yake yi ta hanci. Ta biyar ta fasa fata. A ta bakwai jini ya fantsamo mini a mayafi, ni kuwa idona ya rufe. Na cire takalmina na jefi mai bulalar, na same shi a kunne, na kutsa ciki ina zage-zage. Ɗaya daga cikin masu riƙon ya saki ƙanina ya kwaɗa mini mari. Har yau kunnena na hagu ba ya ji sosai.

Mutumin da ya sha bulala bakwai bai motsa ba, da ya ga an mare ni sai ya fizge, ya kai wa mai marin gwiwar hannu a baki. Na ga haƙori ya faɗo a siminti. Daga nan babu sauran shari'a. Su huɗun suka rufar masa, suka kayar da shi, wannan ƙafa wancan naushi. Mai fasasshen bakin ya rarumo guntun bututun ƙarfe da ke jingine a jikin tanki ya maka masa a haƙarƙarin hagu, ya sake makawa. Na kama damtsensa da haƙori na ciza har na ji gishirin jini a bakina, ya wurgar da ni. Wani ya sa ƙafa ya tura ƙanina, ya gangara matakala kusan goma, kansa na bugun siminti. Sai a lokacin Mai'unguwa ya ɗaga murya: "Halas! Ya isa haka!" Sauran dattawan suna zaune da carbi a hannu, babu wanda ya tashi.

Da ƙafarsa ya koma gida, dafe da gefen ciki, har yana ce mini, "Yaya, ba komai, ai dai an yi wankan." Na gasa masa baya da sauran ruwan jegon. Kafin Azahar ya fara zufa mai sanyi. Ya ce kafaɗarsa ta hagu na ciwo, alhali ba a doke shi a nan ba. Ya sha ruwa ya ƙara, yana ta cewa ƙishirwa. Na kira wata tsohuwa maƙwabciyarmu, ungozoma ce, ita ta karɓi haihuwar ɗansa. Ta ja fatar idonsa ƙasa, fari fat. Ta danna cikinsa, ya yi tauri kamar katako, ya saki ƙara. Ta ja ni waje ta ce, "Jini ne yake zuba a ciki. In ba a kai shi asibiti yanzu ba, ba zai ga Magariba ba."

Na ruga gidan Mai'unguwa ko takalmi babu. Na ce, "Baba, don Allah don Annabi ka kira Wakili, mutuwa zai yi."

Ya ciro waya, ya matsa gefe ya juya mini baya. Ina jin shi: "Na'am, ranka ya daɗe. E, ya ɗan ji ciwo. To, to, shi ke nan." Ya dawo ya ce Wakili yana Arfa, hanya a cushe, amma ya ce kada a motsa shi, zai zo da mota da kansa bayan La'asar.

Ga abin da nake so ku sani. Waya tana hannuna. Lambar motar asibiti lamba uku ce kacal, kowa ya san ta. Na danna biyu, na tsaya. Na tuna tsohuwar nan ungozoma da ta tsufa a dutsen, ba ta da sauran kowa a gida. Na tuna jaririn kwana shida da uwarsa a bayan motar tarhil. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, ba tausayinsu ne ya riƙe mini yatsa ba. Wakili ya ce a jira. Shekara da shekaru abin da Wakili ya ce shi ne, har na manta ana iya yin wani abu daban. Na mayar da wayar cikin zani.

Aka yi Azahar. Ƙanina ya kira ni da hannu, na sunkuya. Ya ce in bai tashi ba kada a fasa suna gobe, an riga an gaya wa mutane. Na ce ya rufe mini baki. Leɓensa ya yi fari, hannunsa sanyi ƙalau a wannan uban zafin. Na kasa zama. Muka ɓalle ƙyauren banɗaki, ni da matarsa mai ɗanyen jiki da wasu mata biyu, muka ɗora shi muka fara sauka. Maza na leƙe ta taga, babu wanda ya fito ya kama mana. A ƙasa 'yan ƙofa suka tare. Mai fasasshen bakin nan yana gaba, leɓe a kumbure, tsumma ɗaure a damtsensa inda na cije shi.

Ya ce, "Ina za ku da shi? Bayansa duk shatar bulala ce, likita na gani zai kira 'yan sanda. So kike a kwashe mu?"

Na ce, "Buɗe ƙofar nan ko in zubar maka da sauran haƙoran, ɗan banza!"

"Kawo izinin Wakili."

Na ɗauki ɓarin bulo na yi kansa. Ya goce, ya murɗe mini hannu ta baya har na ji ƙas, ya haɗa fuskata da katangar kwano. Kwanon ya sha rana, ya ƙone mini kunci. Sauran suka ƙwace ƙyauren daga hannun matan, suka mayar da ƙanina sama a guje, yana ta jijjiga, hannunsa ɗaya na lilo yana bugun matakala. Matarsa ta zube a wurin, jini na bin ƙafarta.

Mai tafiya da ƙafarsa ba a hana shi fita. Na ce to, tunda izini ake so, ni zan je in ɗauko shi. Na ja niƙabi na rufe ƙunar, na fita. Na san shagon Wakili, na taɓa yin shara a benen da ke kallonsa. Niyyata in samu wani a shagon ya nuna mini inda yake a Arfa, in je in kama ƙafarsa. Gari ya cika da alhazai, motocin safa sun toshe ko'ina, ga shingen bincike a kowace mahaɗa. Mai motar da na samu ya sauke ni a rabin hanya, ya ce shi ba zai wuce shinge da marar takarda ba. Sauran da ƙafa na yi, na shige ayarin wasu alhazai mata kamar ni ma cikinsu nake. Ana kiran La'asar na isa Aziziyya.

Yana cikin shagon. Zaune yake a ƙarƙashin na'urar sanyi, yana buɗe wa wasu alhazai dardumar salla, ga kofin shayi a gabansa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kana nan? Ka ce a jira ka, ga shi can yana mutuwa!"

Ya dube ni sama da ƙasa. Hausarsa a karye take, rabi Larabci. "Esh fi, me ya faru, ya Hajiya? Wa yake mutuwa? Ke daga ina?"

"Daga Tsibiri. Ƙanina ne, wanda Mai'unguwa ya kira ka a kansa ɗazu."

"Tsibiri?" Ya ajiye dardumar. "Har yanzu kuna can? La haula! Ya Hajiya, ni tun Rajab ba ni da alaƙa da dutsen nan. Mai shi ya sayar, waɗanda suka saya ko sanina ba su yi ba. Na faɗa wa Mai'unguwarku a bakin ƙofa, na ce ya gaya wa mutane kowa ya nemi wuri. Wallahi wata biyar ban ji muryarsa ba."

Na ce, "Ɗazu a gabana ya kira ka."

Ya miƙo mini wayarsa. "Duba da kanki. Kira motar asibiti mana! Mutum na mutuwa, kuna jiran wa?"

Haka ya tambaye ni, kuma da gaske mamaki yake yi. Nan take na kira matar ƙanina, in ce su sauko da shi ko da ƙofar za su karya, ga mota nan zan kira. Ungozoma ce ta ɗauka. Tun kafin ta yi magana na ji kukan da ke bayanta. Ta ce yanzun nan ya cika, kuma ya tambaya ko Yaya ta dawo.

Ban san yadda na koma ba. Na dai san rana ta yi ja lokacin da nake hawan matakala. Ban shiga gida ba, ban je na ga fuskarsa ba. Barandar masallaci na nufa, inda maza suka taru suna jiran Magariba, Mai'unguwa a tsakiyarsu. Tiyon nan yana rataye a ƙusa, jinin ƙanina ya bushe a jikinsa. Na fizgo shi.

Tsoho ne, a haife ya haife ni. Ban duba ba. Ta farko a fuska na shimfiɗa masa, hularsa ta yi sama. Ta biyu ta fasa masa gira. Ya faɗi yana kare kai, ina tafka masa ina faɗa da iyakar muryata: "Babu Wakili! Tun Rajab babu Wakili! Da wa kake waya, munafuki? Da wa ka yi waya ɗazu?" 'Yan ƙofa suka taso, amma da suka ji abin da nake faɗa sai suka tsaya cak. Na ci gaba har hannuna ya mutu, tiyon ya suɓuce.

Ya tashi zaune da ƙyar, jini na bin gemunsa. Bai musa ba. Ya ce, "Da na faɗa muku, wa zai ƙara jin maganata? Da tuni kun cinye juna a kan tankin nan. Wayit ɗin da kuke gani, ni nake bin direba ina roƙo. Cewa na yi in riƙe ku zuwa bayan Hajji, ko Allah zai kawo mana wani." Sai ya fashe da kuka, ƙaton tsoho. "Ban san zai mutu ba."

Na tofa masa yawu. Na juya ga mazan nan na ce, "Kun dai ji. Babu Wakili, babu izini. A banza kuka kashe shi, a banza na zauna da waya a hannu." Babu wanda ya ɗago ya dube ni. Mai fasasshen baki ya zare makullin ƙofa daga wuyansa ya ajiye a ƙasa. Daga gidanmu ana jiyo kukan jariri.

Ladan ma ya kasa tashi ya kira salla. Can sai wani daga cikin dattawan, wanda ya fi su shekaru, ya gyara murya. Ya ce a zafin nan gawa ba ta kwana, dole a sauka da ita yau. Ya murza carbinsa, ya dubi na damansa ya dubi na hagunsa, sannan ya ce, "To amma wa za a tambaya?"

Wallahi tallahi, duk barandar nan suka juya suka dubi Mai'unguwa yana zaune cikin jininsa. Na buɗe baki in zage su, sai na tarar ni ma shi nake kallo, ina jira in ji abin da zai ce.